An Koma Makaranta, Karatu Bai Koma Ba: A Hannun Wa Yaran Suke a Makonnin Farko?

Ranar komawa makaranta ba ɓoyayya ba ce. Ma'aikatar ilimi ta jiha tana fitar da kalanda, gidajen rediyo su sanar, 'yan makarantar kwana su koma ranar Lahadi, 'yan jeka-ka-dawo ranar Litinin. Amma a gidaje da yawa na jihar Bauchi, daga Bakaro har Yalwa, daga Azare har Dass, akwai wata kalandar da ba a rubuta ba. Yaro ya ce, "Baba, ai makon farko ba a karatu, shara ce da yankan ciyawa." Uba ya tuna yunifom na wurin tela bai biya ba, sai ya ce a bari sai wani makon. Malami ya leƙa aji ya ga bai kai rabi ba, ya ce ba zai buɗe sabon darasi ba don kada ya yi aiki biyu. Waɗanda suka je su dawo unguwa su tabbatar wa sauran cewa lallai ba a yi komai ba. Haka kowa ke jiran kowa, har mako biyu ko uku su zube daga zangon da dukansa bai wuce mako goma sha biyu zuwa sha huɗu ba.

Gardamar da aka saba yi ita ce laifin wa. Iyaye su ce malamai, malamai su ce iyaye, su duka su haɗu su ce gwamnati. Ni tambayar da ta fi tsaya mini a rai daban ce: yaran da suka je ɗin, a hannun wa suke a waɗannan makonni? Domin a cikinsu ne sabon ɗalibi yake yanke wa makaranta hukunci a zuciyarsa, ko wurin zamansa ne, ko wurin da zai riƙa neman hanyar guje wa.

Walwalar ɗalibi ba shagwaɓa ba ce

Da an ce a kula da walwalar ɗalibai, wasu iyaye sai su ɗaure fuska. A wurinsu maganar tana nufin a daina tsawatarwa, a bar yaro ya yi abin da ya ga dama, irin tarbiyyar da suke zargin makarantun kuɗi da ita. Za ka ji dattijo ya ce, "Mu da muka sha bulala muka ci gabza, ba ga mu mun zama mutane ba?" Gaskiya ne sun zama mutane. Sai dai ba ya lissafa abokan ajinsu da suka gudu a aji ɗaya ba su sake komawa ba, domin waɗannan ba sa zuwa taron tsofaffin ɗalibai.

Abin da kalmar take nufi ya fi haka sauƙi. Yaron ya ci abinci kafin ya zauna a aji? Akwai ruwan sha da wurin kewayawa? Idan zazzaɓi ya kama shi da hantsi, akwai wanda zai lura? Yana tsoron wani a cikin makarantar, babba ko yaro ɗan'uwansa? Sannan akwai babban mutum ko guda ɗaya da ya san sunansa, wanda idan bai zo kwana uku ba zai tambaya? Iyakar maganar ke nan. Ba sabon abu ba ne da aka shigo mana da shi jiya: tun 2006 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan lafiya a makarantu, kuma ruwa, bayi, abinci da duba lafiyar yara duk suna cikinta. A takarda ba mu rasa komai ba.

"Ilimi kyauta": abin da doka ta ce da abin da uba ke biya

Kalma ta biyu da ake yi wa gurguwar fahimta ita ce "kyauta". Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumomin kula da ilimin matakin farko, UBEC a tarayya da SUBEB a jihohi, ta ce shekara tara na farko, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Ta lissafa abin da ba za a karɓi kuɗinsa ba: littattafai, kayan koyarwa, ajujuwa, kujeru, har da abincin rana. Ta tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kuɗi a kan waɗannan, ta kuma tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa, daga gargaɗi a karon farko zuwa tara ko ɗauri idan ya maimaita. Kuɗin aikin kuwa kashi 2 cikin 100 ne na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma jiha ba ta taɓa rabonta sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta.

Abin da dokar ba ta ɗauke wa uba ba shi ne abin da ke hana shi barci a daren Lahadin. Yunifom, takalmi, jaka, littattafan rubutu, kuɗin sayen abinci a hutun tara, kuɗin keke Napep ga wanda makarantarsa ke da nisa, da kuɗin PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai. Babbar sakandare ma ba ta cikin waɗancan shekaru tara. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya tashi, kuma mai 'ya'ya biyar sau biyar zai biya a mako guda. Duk wanda ya zaga Kasuwar Wunti ko Muda Lawal a makon komawa makaranta ya ga yadda ake ciniki: a ɗauki takalmi a ajiye, a ce a ba da rabin dozin na littafi maimakon dozin.

A nan ne nake ganin makarantu da dama suna yin kuskure mai tsada. Yaro ya zo ranar farko da kayan gida saboda yunifom bai samu ba, sai a kore shi a bakin ƙofa. Wanda ya kore shi yana ganin doka ya tsare. Amma saƙon da ya isa gida shi ne kada a sake turo yaro sai an kammala komai, kuma kammalawar tana iya kai wata guda. Hedimastan da ya ce a shigo da kayan gida na mako biyu bai karya tarbiyya ba, yaron da ya kusa suɓucewa ya riƙe.

Kaka, rufin da iska ta yaye, da malamin da bai iso ba

A karkara dalilin jinkirin zangon farko a gona yake. Satumba da Oktoba lokacin girbin gero ne, da cirar gyaɗa, da roron wake daga baya. Gidan da ba shi da kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago, 'ya'yansa ne ma'aikatansa, kuma kuɗin yunifom ɗin ma sai an kai amfanin gonar kasuwa zai fito. Uban da ke Darazo ko Ganjuwa da ya riƙe ɗansa mako biyu ba lallai ƙin boko yake yi ba. Lissafin abincin shekara yake yi. Sai dai lissafin yana da ɓoyayyen bashi, domin yaron da ya rasa farkon darasin lissafi yakan bi ajin a baya har ƙarshen zango, daga nan ya ce shi ba ya ganewa, daga nan ya fara fashi. Ranar kasuwar garin ma wata ƙofar ce da yara ke zubewa ta cikinta kowane mako, musamman 'yan mata masu talla.

Ita ma makarantar ba a shirye ake samunta ba. Dogon hutu yana faɗowa a tsakiyar damina. Kafin a dawo ciyawa ta kai gwiwa, iska ta yaye kwanon aji ɗaya ko biyu, awaki sun kwana a wani, famfon tuƙa-tuƙa ya lalace babu wanda ya kai rahoto. Shi ya sa makon farko ya zama na lauje da tsintsiya. Ba na ƙin yara su share makarantarsu, aikin gayya tarbiyya ne kuma yana sa su ji wurin nasu ne. Abin da nake ƙi shi ne a tura 'yan aji ɗaya cikin doguwar ciyawar ƙarshen damina da silifas, lokacin da macizai suka fi yawo, ba tare da malami ko ɗaya a tsaye a kansu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: aikin da ya kamata unguwa ta yi a makon ƙarshe na hutu ne ake jibga wa yara a makon karatu.

Sai malamai. A farkon shekarar karatu ake sauye-sauyen wurin aiki, jadawalin darussa bai kammala ba, wanda aka tura ƙauye yana neman ɗaki ko yana fafutukar a mayar da shi gari. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa ajin firamaren gwamnati a cikin garin Bauchi ya san an bar wannan adadi a baya da nisa. Malamin da ke gaban ninkin haka, ba muguntarsa ba ce ta sa bai san wanda bai zo ba.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

A 2016 gwamnatin tarayya ta fara shirin ciyar da 'yan firamare aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane kwano, matan unguwa ne ke dafawa. Shirin ya sha suka, kuma da dalili: abincin kaɗan ne, kuɗin masu dafawa yana makara, akwai zargin cushen sunaye. Duk da haka malaman ƙananan ajujuwa sun ga abin da ya yi, domin ranar da kula ta iso aji yakan cika. A Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafin jama'a na tarayya. Yaron da dama don wannan kwanon yake sammako, sai ya rasa abin da zai kawo shi.

Yunwa a aji ba ta da ƙara. Ba kuka yaron yake yi ba, kwantar da kai yake yi a kan benci da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, sai a ce malalaci ne, wani lokaci har a zane shi. Uwar da ta iya ɗumama tuwon jiya ko ta dama koko kafin yara su fita ta yi wa karatunsu abin da sabuwar jaka ba za ta yi ba.

Kowane zango da cutarsa

Zangon farko na sauro ne da gurɓataccen ruwa: zazzaɓin cizon sauro, taifot, amai da gudawa. Na biyu yana buɗewa cikin hunturu ya ƙare a bakin zafi, kuma shi ya fi ba ni tsoro. A lokacin ne zazzaɓin Lassa ke tashi, kuma Bauchi tana cikin jihohin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta fi samun masu ɗauke da shi, tare da Ondo da Edo. Ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci. To a tuna da akwatin ɗan makarantar kwana: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, yaji, duk a ƙarƙashin gado, ga kuma sito na makaranta da aka rufe tsawon hutu. Roba mai murfi da uwa za ta zuba garin a ciki maimakon leda ba ƙawa ba ce, rigakafi ce. A wannan zangon ne kuma sanƙarau ke bin ɗakunan da aka cunkushe babu iska. Mashaƙo, wanda ya ɓarke a Arewa tun ƙarshen 2022 kuma ya taɓa Bauchi, shi ma cutar cunkoso ce, kuma yaran da ba a kammala musu allurar rigakafi suna jarirai ba su ya fi kamawa. Zango na uku na ƙishirwa ne, rijiyoyi sun ja baya, ajin kwano ya zama tanda, har ruwan farko ya zo da iskarsa.

Akwai abu guda da iyaye ke yi da kyakkyawar niyya amma yana cutarwa, wato ɓoye ciwon yaro. Mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya, sai a kai shi makaranta ba a faɗa wa kowa ba, don kada a ƙi karɓarsa ko a riƙa nuna shi. Sai wani firifet da bai san komai ba ya sa mai sikila tsallen kwaɗo, ko ya tura shi ɗiban ruwa da asubar hunturu. Magana ɗaya da malamin aji ko matiron a ranar farko, a keɓe, ta isa ta hana wannan.

Siniya da ƙaramin ɗalibi: ina horo ya tsaya, ina zalunci ya fara

A makarantar kwana, daga an tashi daga aji har wayewar gari, mulki ba a hannun malamai yake ba. A hannun manyan ɗalibai yake. Tsarin firifet yana da amfaninsa, kuma ba don shi ba malami ɗaya mai kula da gida ba zai iya da ɗaruruwan yara ba. Su ke tada yara sallar asuba, su ke tsara layin abinci, su ke sanin wanda ya kwana da zazzaɓi. Na ga uwar ɗaki da ta riƙe 'yar ɗakinta kamar ƙanwar da suka fito ciki ɗaya, ta koya mata wanki da adana kaya, zumuncinsu ya kai har bayan aure.

Amma a makonnin farko, lokacin da malamai ba su gama dawowa ba kuma sababbin yara ba su san kowa ba, wannan mulki ba shi da mai duba shi. Ina aji ɗaya aka karɓe bokitina a daren da na isa, kafin in san hanyar famfo. Na yi makonni ina jiran wani ya gama wanka in ari nasa, ina makara, ana dukana a kan makarar. Ranar ziyara mahaifina ya tambaye ni, "Yaya makarantar?" Na ce, "Lafiya lau, Baba." Ban yi ƙarya don ina jin daɗi ba. Na san idan ya yi magana, shi zai hau mota ya tafi, ni zan kwana da su. Wannan lissafin ne kowane ƙaramin ɗalibi ke yi har yau, shi ya sa "lafiya lau" ɗin yaro a ranar ziyara ba shaida ba ce.

Masu kare tsarin suna cewa yana koya wa yaro juriya da girmama na gaba, kuma kowa zai kai lokacinsa. Wannan ƙarshen maganar ita ce cutar. Wanda aka ƙwace wa garin kwaki a aji ɗaya yana jiran ya kai aji shida ya rama a kan yaron da bai yi masa komai ba. A ganina bambancin a fili yake. Horo yana da laifin da aka sani, da iyaka, da babban da ya amince da shi. Idan aka karɓe abincin yaro ko kuɗinsa, aka sa shi wankin wani har ya rasa darasi, aka tashe shi tsakar dare don gwale-gwale, ko aka taɓa jikinsa ta hanyar da yake jin kunyar faɗa, wannan zalunci ne ko da an yi shekara hamsin ana yinsa. Hadisin da muke karantar da yaran nan ya haɗa abu biyu ne, jin ƙan ƙarami da girmama babba, kuma jin ƙan aka fara ambata. Dokar 'yancin yara ta tarayya ta 2003 ita ma ta haramta azabtar da yaro ko wulaƙanta shi.

Alamun ba su da wuyar gani ga mai dubawa. Yaron da kayansa ke "ɓacewa" kowane mako, wanda ya rame fiye da abin da abincin makaranta zai bayyana, wanda ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, wanda ciwon ciki ke kama shi duk daren da za a koma. Haka nan abin da ake yawan ji a makarantun 'yan mata, yarinya ta faɗi tana ihu wasu su bi ta. Ana kiran malamai a yi ruƙya, kuma ba ni da ja a kan addu'a. Amma bayan an shafa, a tambaya: ta ci abinci? Tana da ƙarancin jini? Wa take tsoro? Wane labari ya zo mata daga gida?

'Yan mata da maganar da ba a yi a taron PTA

Yarinyar da ta fara al'ada tana buƙatar abu uku a makaranta: bayi mai ƙofa, ruwa, da mace babba da za ta iya yi wa magana. Inda babu su, takan zauna a gida kwana uku ko huɗu kowane wata, ba ta kuma faɗi dalili ba. Audugar mata ta yi tsada, da yawa sun koma ƙunzugu, wanda ke buƙatar wurin wanki da shanya a sirrance. Idan aka tara waɗannan kwanaki a shekara, sai a ga yarinyar da ake cewa ba ta da ƙoƙari ba ta samu karatun da ɗan'uwanta namiji ya samu ba. Shirin AGILE na Bankin Duniya don tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bauchi da Gombe suka shiga, yana ba da kuɗin gyaran ajujuwa da bayi a makarantun sakandare saboda irin wannan. Sai dai ginin bayi daban, buɗe shi da zuba masa ruwa kullum daban. Taron iyaye kuwa yawanci maza ne ke cika shi, kuma babu uban da zai miƙe a gaban jama'a ya ta da wannan magana.

Tsaro da kalandar da ke motsi

Iyayen wannan yanki ba su manta kisan ɗalibai a Buni Yadi a Fabrairun 2014 ba, ko sace 'yan matan Chibok bayan wata biyu, ko bam ɗin da ya tashi a taron safe na wata sakandare a Potiskum a Nuwamban shekarar, ko sace 'yan matan Dapchi a 2018. Potiskum ba ta da nisa da Azare. A Nuwamban 2025, bayan sace ɗalibai a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja, gwamnatin Bauchi ta rufe makarantu. Mai 'ya a makarantar kwana da ya ce zai jira mako guda ya ga yadda komawar ta kasance, ba na iya ce masa ya yi laifi. Abin da ya kamata ya tambaya da bakinsa shi ne ko akwai katanga, wa ke gadi da dare, malamai nawa ke kwana a cikin makarantar, kuma lambar wa zai kira.

Kalandar ma ta zama abin jayayya. A 2025 Bauchi, Kano, Katsina da Kebbi sun daidaita hutu da watan azumi, makarantu suka yi kusan mako biyar a rufe. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta ce an tauye yaran da ba sa azumi a jihohin da dama suna baya a karatu. Gwamnati da masu goyon bayanta suka ce an tsara kalandar tun farko, kuma karatu da azumi cikin zafin Maris wahala ce ga yara da malamai. Kowane ɓangare yana da abin dubawa. Abin da gardamar ta tsallake shi ne cewa kowace rufewa, ko ta azumi ko ta tsaro, tana haifar da sabuwar komawa, kuma kowace komawa tana zuwa da nata makonnin jiran juna.

Makarantar ta wace ce?

Mutane da yawa suna ɗaukar PTA da SBMC abu ɗaya ne. PTA ƙungiyar iyaye ce da malamai, kuma a aikace ta fi shahara da tara kuɗi: alli, gyaran benci, albashin malamin wucin gadi. SBMC kuwa kwamitin gudanar da makaranta ne na al'umma, wanda aka tsara ya ƙunshi mai unguwa ko wakilinsa, malamin addini, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a, har da wakilan ɗaliban kansu. Ba sai kana da ɗa a makarantar ba. Aikinsa ya san halin da take ciki, ya bi sawun yaran da ba sa zuwa, ya kai kuka ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Inda yake da rai, kafin a koma an yanke ciyawa an gyara famfo. Inda sunaye ne kawai a fayil, sai ranar da kuɗin wani shiri ya iso ake tuna shi.

Kuma makarantar gwamnati a jihar nan tana yin wani aiki da ba ya fitowa a sakamakon WAEC ko NECO. A benci ɗaya za ka samu Bahaushe, Bafulatani, Bajari, Basayi da Bagere, ɗan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS da ɗan ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS suna gida ɗaya a gasar guje-guje. A garin Bauchi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a makarantar Midil har ya shugabance ta, a nan Malam Aminu Kano ya koyar a shekarun 1940. Yaron da aka karɓa da kyau a makonsa na farko yana fita da abokai daga ƙananan hukumomin da bai taɓa takawa ba. Wanda aka wulaƙanta kuwa yakan riƙe sunan garin wanda ya wulaƙanta shi.

Abin da ke hannun gida da unguwa a wannan makon

Albashin malamai, gina ajujuwa da dawo da ciyarwa ba a hannun talaka suke ba, sai dai ya yi ta tambayar waɗanda ya zaɓa. Amma zagayen nan na jiran juna, ana iya yanke shi daga ƙasa. Idan iyayen layi ɗaya suka tura 'ya'yansu ranar farko, da yunifom ko babu, malami ya rasa hujjar jira. Idan firinsifal ya sa aka fara darasi ranar Talata ko da yara goma ne, labarin da zai koma unguwa ya canza. Limami da fasto suna iya faɗin ranar komawa a Juma'a da Lahadin da suka gabace ta, kamar yadda suke sanar da allurar rigakafi.

Uba kuma ya taka da ƙafarsa sau ɗaya a makon farko, kada ya bar wa ɗan acaɓa. Ya ce, "Malam, ga ɗana, ga lambata," ya faɗi ciwon da yaron ke da shi idan akwai, ya leƙa bayin da wurin ruwan da idonsa. Mai ɗa a makarantar kwana ya rubuta suna a jikin bokiti da akwati, ya kai gidan sauro, ya san sunan malamin da ke kula da gidan da aka sa yaron. Ranar ziyara kuma kada ya tambayi "yaya makarantar?" a gaban manyan ɗalibai. Ya ja shi gefe, ya tambaye shi wa ke kwana kusa da shi, ƙarfe nawa yake kwanciya, me ya ci jiya da dare, ina bokitinsa.